Ɗebo Wuta a Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a bakin famfon unguwa, sai wata ta tare ni: "Malama, wai da gaske ne littafi ya kai ku Nijar ke da tsohuwa?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa yana ƙara nasa gishirin, don har na ji an ce Rasha muka je. To ga yadda aka yi. Wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata wannan.

Ni malamar Turanci ce a wata makarantar 'yan mata a nan Dutse, a Limawa nake aure. Mahaifiyarmu, Inna, tana Aujara. Ni ce auta, Yaya Habu shi ne ɗan fari, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanku". Tun yaye kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ni kuwa har na yi aure ina kwanciya a cinyar Inna.

Shekarun baya Yaya ya yi haɗarin mota a hanyar kasuwar shanu, aka kwantar da shi a asibiti a Dutse. Inna ta taso tun daga Aujara, ta zauna a gindin darbejiya a waje, ta ba ni kwanon kunu ta ce in kai wa mai ciwon. Ba ta shiga ba. Yaya ya dubi kwanon ya ce, "Auta, ni uwata Kaka ce, kuma an binne ta." Da ya warke ya je Aujara ya haɗa kayansa, ya koma Damagaram inda yake da abokan ciniki. Ranar da zai tafi Inna ba ta fito ba. Yana aiko da saƙo duk Sallah, amma ƙafarsa ba ta sake taka gida ba. Bana kuma ya gaya min a waya cewa bayan kaka zai ƙara gaba, can arewa wajen Aljeriya. Na dubi shekarun Inna, na san in ya tafi a haka, shi ke nan ba za su sake ganawa ba.

Da bazara aka yi wa Inna aikin yanar ido, ta zauna a wurina. Likita ya hana ta sunkuyo, ya hana ta kusantar hayaƙi, ya hana ta tsintar shinkafa. Matar da ba ta san zaman banza ba sai ta koma yi wa kowa faɗa, har da kajina. Ina da wasu littattafai biyu masu kauri da na saya wurin wani mai baza tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, labari ɗaya ne, wani mutumin Rasha ya rubuta aka fassara da Turanci. Don in samu lafiya, wata rana bayan la'asar na buɗe na farkon, ina karantawa ina juya mata da Hausa.

Labarin wani gari ne da wuta ta mutu a cikinsa baki ɗaya a tsakiyar sanyi, ko an ƙyasta ba ta kamawa. Sai aka zaɓi babban ɗan maƙerin garin, aka ba shi tukunyar ƙasa, aka ce ya je wani dutse a ƙarshen duniya ya ɗebo garwashi. Sunansa ya fi ƙarfin harshen Inna, sai ta raɗa masa ɗan maƙeri.

"Au, aiken ɗebo wuta ne?" in ji ta. "Mu ma mun yi, a kasko, gidan maƙota. Ci gaba."

Na ɗauka aljanu da mayun da ke ciki za su kore ta. Ina! In an zo wurinsu sai ta ce a'uzu billahi, sannan ta ce, "To sai me ta ce masa?" Abin da ya kama ta, kuma ni ma shi ya kama ni, mutanen littafin 'yan ƙauye ne irinmu. Suna tsoron yunwa, suna auna abin da ya rage a rumbu, ba a tambayar baƙo daga ina yake sai ya ci ya ƙoshi. Ɗan maƙerin ma ba wani jarumi ba ne. Takalminsa yana cinsa, yana ɓata hanya, yana kewar miyar gidansu. Da na karanta mata cewa suna da ƙaton murhun ƙasa da tsofaffi ke kwana a kansa, ta ce ai gadon jego ne. Da aka zo inda ƙartin maza suka shiga ɗakin tururi suna bugun jikinsu da ganye, ta yi dariya har na ji tsoron ɗinkin idonta. "Maza da wankan jego! Su kuma me suka haifa?"

Wuri ɗaya ne ba ta yi dariya ba. A al'adarsu, in mutum zai yi doguwar tafiya, bayan an gama ɗaure kaya sai kowa na gidan ya zauna, matafiyin a kan kayansa, a yi shiru na ɗan lokaci, sannan a tashi. Ranar tafiyar ɗan maƙeri kowa ya zauna ban da uwarsa. Ta shige ɗaki ta tura ƙyaure. Ya tafi yana ganin ba ta damu da shi ba, alhali tana tsaye a bayan ƙyauren tana leƙensa ta tsaga.

"Ɗan fari ne?" Inna ta tambaya.

Na ce eh.

"To ai shi ke nan. Matar tana da kunya." Ta gyara zama. "Ashe su ma sun sani."

Littafi na biyu ya ƙare ɗan maƙeri yana tsakiyar wani kogi da ya daskare, garwashi a tukunya, ƙanƙara tana tsagewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Na rufe na ce shi ke nan. Inna ta ce kamar yaya shi ke nan. Na koma wurin mai littattafai, ya ce bai taɓa ganin na uku ba. Na bincika a waya na tarar akwai shi, amma ba a taɓa fassara shi ba, da rubutun Rasha kawai yake, mai kama da an kifa haruffa. Ina yi wa Yaya ƙorafin haka a waya, don dai mu samu abin hira, sai ya ce ai akwai wata tsohuwar Baturiyar Rasha a unguwarsu, matar wani marigayi likitan dabbobi, ɗakinta cike da littattafan ƙasarsu. Bayan kwana biyu ya bugo ya ce ya kai mata hoton bangon, ta ce ta karanta duka ukun.

Inna tana gefe tana jan carbi kamar ba ta ji. Washegari ina shara ta ce, "Damagaram ɗin nan, mota nawa ake hawa?" Na dube ta. Ta ce, "Ni ƙarshen labari zan ji." Na ce ai na sani. Maigidana ya yi dariya ya ba mu izini, muka jira hutun makaranta na damina.

Kayan Inna kaɗai sun isa labari. Daddawa, kuka, ƙuli-ƙuli, man shanu a kwalba, duk wai tsarabar Baturiya. Da wani ƙullin yaji mai masoro da yawa, irin wanda a gidanmu mutum ɗaya ne yake iya cinsa. Na sa a jaka.

Daga tashar Dutse muka hau mota mai zuwa Gumel. Ba mu kai Kiyawa ba daddawar ta fara gaisawa da mutane. Wani saurayi mai ƙamshin turare ya toshe hanci yana tsaki, Inna ta ce masa da ita aka yaye shi. Wani dattijo mai fataucin awaki da ke gaba ya juyo ya tambaye mu ina zuwa, ita kuwa ta ce za mu jiyo ko ɗan maƙeri ya haye kogi. Daga nan ta ɗauko labarin tun daga farko. Ban san ta riƙe shi haka ba. Inda ta manta sai ta cike da nata, ta mai da kyarkeci kura, ta sa wa wata mayya zanen saƙi. Direba ya kashe rediyo. Gardama ta ɓarke a kan yadda garwashi zai yi watanni bai mutu ba, mai awaki ya rantse busasshen kashin shanu ake sa masa, wata mata ta ce toka ake rufa masa a bar 'yar ƙofa. Saurayin nan mai turare a Gujungu zai sauka, sai da muka wuce da nisa ya farga, ya sauka yana tambayar Inna ko ana samun littafin a waya.

Ruwa ya tare mu a Gumel, ba mu shiga Maigatari ba sai dab da magariba, motocin ƙetare sun riga sun tashi. Matar nan mai maganar toka, Hajiya Talatu, mai sayar da kanwa ce a garin, ita ta ce ba za mu kwana a tasha ba tana da gida. Ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, da fura mai sanyi, sai da muka wanke hannu sannan ta tambayi sunan garinmu. Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Kin gani? Kamar a littafi." Da safe muka tarar rufin ɗakin ya yi yoyo daidai kan jakata, littafi na biyu ya sha ruwa ya kumbura. Ni takardun shaidarmu na fara dubawa. Inna kuwa littafin ta ɗauka, wanda ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a cikinsa, ta kai bakin murhun Hajiya Talatu tana buɗe shi shafi-shafi, ni ina yi mata faɗan hayaƙi da idonta.

A bakin iyaka, ta ɓangarenmu ba a ɗauki lokaci ba. Ta ɓangaren Nijar wani jandarma dogo, baƙi, mai furfura a gemu, ya karɓi katunanmu. Ya ga takobi a bangon littafi ya jujjuya shi, na yi masa bayani da Turanci, ya dube ni kamar na yi atishawa. Da Hausa muka daidaita. Sai ya juya wurin Inna.

"Hajiya, lahiya? Wurin wa za ku a Damagaram?"

"Wurin wata Baturiya."

"A gidanta za ku sauka?"

"A'a."

"To mai masaukinku, mi sunanshi?"

Inna ta dubi ƙasa. Ta ce wani ne mai sayar da shanu. Ya ce masu sayar da shanu a Damagaram sun fi shanun yawa, suna yake so. Ta ce yayan wannan ne. Layi ya fara tsawo a bayanmu, ni kuma da gangan na yi shiru, ina so in ga iyakarta. Ta ja mayafi ta rufe baki. Sai jandarman ya sauke biro ya fashe da dariya.

"Ɗan hwari ne! Yi haƙuri, Hajiya. Tawa uwar har ta rasu 'kai wannan' take ce mini." Ya dube ni, na faɗi sunan, ya rubuta. Da ya miƙo katunan ya daina dariyar, ya ce, "Amma da ta faɗa sau guda, da na so." Muka karɓa muka shiga mota.

Daga nan hanya ta zama abin da Allah Ya yi. Wata tsohuwar a-kori-kura ce, mu a gaba kusa da direba saboda tsufan Inna, sauran jama'a da buhuna da tumaki a baya. Kwalta takan ɓace ta dawo. Bayan Dungas muka kafe a wani kwari da ruwa ya kwanta, maza suka sauka turi, wani rago ya samu sarari ya cinye rabin ƙuli-ƙulin Baturiya. Mutanen dai mu ne, Hausar ce, sallar ce, gero ne a gona iri ɗaya. Sai ƙananan abubuwa. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, mai tauri, Inna ta ce wannan sai dai a yi wa ɓarawo. Makaranta lakwal suke ce mata, tasha kuma otogar. Lokaci da Faransanci suke faɗa. Turancin da nake taƙama da shi a Dutse bai saya min ko ruwan leda ba.

Yaya yana jiranmu a tasha. Ya yi ƙiba, ya yi furfura, har yanzu yana ɗan ɗingisa ƙafar da ya karye. Na rungume hannunsa ina hawaye. Ya je gaban Inna ya durƙusa.

"Sannu da hanya. An zo lafiya?"

"Lafiya lau," ta ce, tana kallon wata mai sayar da gyaɗa.

Haka muka yi kwanakin. Da safe ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana fuskantar bango. Amma 'ya'yansa ba ta sauke su daga cinya, babban namijin ta ce ga mijinta nan da bai taɓa ba ta kuɗin cefane ba. Matarsa Rabi mutuniyar kirki ce, ta yi mana dambu da zogale, ta kawo kilishin garin wanda ban taɓa cin irinsa ba, ga shayi a 'yan ƙananan kofuna zagaye bayan zagaye, na farko ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Inna ta ba ta ƙullin yajin ta ce, "Ko akwai mai ci a gidan." Da rana tsaka garin yake mutuwa, kowa ya rufe shago ya kwanta. A wannan shirun nakan ji Inna tana yi wa Rabi tambayoyi ƙasa-ƙasa: ƙafar tana damunsa da sanyi? Yana cin abinci da safe? Da ya shigo sai ta kama wasa da jikoki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mun keto ƙasa guda, ga su a gida ɗaya, kuma kamar ba mu zo ba.

Madam, haka kowa yake kiran Baturiyar, tsohuwa ce gajera mai farin gashi, da zane da kallabi, Hausar Damagaram a bakinta tsaf. Yaya ya kai mu ƙofar gidan ya koma kasuwa. Ta tare mu da burodi da gishiri a faranti, ta ce haka ake yi wa baƙo a garinsu. Inna ta dangwala ta ci don kara, ta ce min a kunne ko miyar ce ba ta nuna ba. Suka gaisa suka tambayi juna ciwon gwiwa. Madam ta ce ɗiyarta ce ke aiko mata da littattafai, in ta yi kewar sanyi sai ta buɗe ɗaya. Ta ɗauko na ukun ta ɗora a cinya, amma ba ta buɗe ba, da ka ta ba mu.

Ɗan maƙeri ya haye kogin. Inna ta ce alhamdu lillahi. Ya sha wuya iri-iri, ya rasa yatsun ƙafa biyu, ya rasa wani abokin tafiya da ya yi a hanya, amma garwashin bai mutu ba. Ya iso gari, aka fito da kasake ana ɗiba, hayaƙi ya tashi a kowane gida.

"Uwar fa?" in ji Inna.

"Ta rasu kahin ya iso, Hajiya. Kullum tana hita bakin gari tana duban hanya, har sanyi ya kama ƙirjinta. Ya hura wuta a murhunta, ɗaki ba kowa. Bai san ma tana hita ba, sai da wata maƙwabciya ta nuna mishi 'yar hanyar da ƙahwarta ta yi daga ƙohwa zuwa bakin gari."

Inna ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, "To ai ba laifinta ba ne. Alkunya ce. Ɗan fari ne."

Madam ba ta gane ba, sai da na yi mata bayani, duk da shekarunta a cikin Hausawa ta ɗauka wasa ne ake yi. Ta girgiza kai. "Mu ba mu da wannan. Ɗana na hwari ya yi jika, in ya zo sai na sumbace shi gaban kowa. Waccan matar tsoro ta ji. Ta san in ta zauna za ta riƙe shi ta hana shi tahiya. Ta ce bari in ya komo ta gaya mishi. Ta ɗauka akwai lokaci."

Na ga fuskar Inna ta canza. Watanni tana ɗauke da matar nan a ranta kamar 'yar ɗakinsu, yau an ce mata ba ta san ta ba. Ta ce, "Mai littafin nan bai kyauta ba. Mutum ya sha wannan wahala, a ce ya tarar da ɗaki ba kowa?" Madam ta ce ita ma ta yi kuka da ta karanta. A hanyar komawa Inna ba ta kula masu gaishe ta ba, da daddare ma ba ta taɓa tuwo ba.

Ranar komawarmu Yaya ya kai mu tasha da sassafe. An ɗaure kaya, yaran mota suna kiran Maigatari, saura mu. Sai Inna ta janye jakarta daga hannun mai lodi, ta ajiye a ƙasa ta zauna a kai.

"Inna, lafiya? Jiri ne?"

"Zauna, Auta." Na zauna a kan buhun wani. "Ki ce wa wancan ya zauna."

Yaya bai san labarin ba, bai san al'adar ba. Ya dube ni, na yi masa alama, ya tsuguna can gefe.

"Ki ce ya matso."

Ya matso har gwiwarsa ta kusa taɓa zanenta. Muka yi shiru a tsakiyar tasha, direba yana danna oda, masu talla suna kewaye mu suna kallo. Ban san tsawon lokacin ba. Sai Inna ta yi magana, idonta a kaina.

"Ki gaya masa, ranar da ya bar Aujara ina bayan zana. Ban gusa ba har ƙurar motar ta kwanta. Asibiti ma, ban koma gida ba sai da aka sallame shi. A gindin bishiyar nan nake wuni."

Ban buɗe baki ba Yaya ya amsa, shi ma ni yake kallo.

"Ki gaya mata na ga ƙafafunta ta ƙarƙashin zanar. Na tsaya ina ta gyaran igiyar kaya, igiyar da ba abin da ya same ta. Jira nake ta fito."

Ni da aka sa isar da saƙo, kuka ya hana ni. Yaya ya share fuska da hularsa ya ce in gaya mata ba zai wuce arewa ba sai ya zo gida. Wannan karon Inna ba ta jira ni ba. Ta juyo ta dube shi da idon nan da aka gyara mata, ta ɗora hannu a kansa, ta ce Allah Ya kawo shi lafiya. Sannan ta miƙe ta hau yi wa mai lodi faɗa wai ya danne mata kilishi.

Dawowa ba wani labari, sai tayar da ta fashe kusa da Gumel. Masu tambaya ko littafin ya cancanci wannan wahala, ga guda biyun nan a wurina, na biyun ya ɗan kumbura, mai so ta zo ta ara ta dawo min da shi. Na ukun kuwa sai dai ku je Aujara, a bakin Inna yake.

Yaya ya zo da aka fara yankan gero, shi da babban ɗansa. Maganar arewa har yau bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Na je na same su a ƙarshen mako. Da la'asar na tarar tsakar gidan Inna cike da matan unguwa, wasu da ƙwaryar sussuka, ashe kullum sai sun taru ta ba su ɗan maƙeri kashi-kashi, kuma ranar aka zo ƙarshe. Yaya ba zai shiga cikin matan aure ba. Ina zaune na hango ƙafafunsa ta ƙarƙashin zana, ɗayar a ɗan karkace. Inna ma ta gani, don sai ta ɗaga murya.

Ta haye da shi kogi, ta kawo shi bakin gari da tukunyarsa. Sai ta ce, "Yana ɗaga kai, sai ga uwar tsaye a bakin hanya, da ranta da lafiyarta."

Na matsa kusa na ce, "Inna, ba haka Madam ta ce ba."

"Ke kin karanta na ukun?" Ta juya wurin matan. "Da ta hango shi, sai ta yar da mayafi ta ƙwala masa kira da sunansa."

Wata amarya da ke gaba ta ce, "Inna, wai shi ba shi da suna ne? Kullum ɗan maƙeri, ɗan maƙeri."

Inna ta gyara ɗaurin kallabinta. Tsofaffin da ke wurin suka daina sussuka.

"Habu," ta ce. "Ta ce, Habu, ka dawo?"

Ƙafafun da ke bayan zana ba su motsa ba har ta kai ƙarshen labarin.